Pa Lamduan da Kujerar Bakin Ƙofa

Bangon da ya raba ɗakina da na Pa Lamduan, wato Gwaggo Lamduan, katako ne, kuma katakon ya tsufa. Ina jin tarinta, ina jin ƙarar almakashinta in ya faɗi ƙasa. Don haka yammacin Larabar nan da 'yarta Tukta ta zo, ba kasa kunne na yi ba, maganar ce ta iske ni ina cin taliya.

"Mae, ba ni katin," in ji Tukta, da sunan da muke kiran uwa.

"Wane kati?"

"Katin jirgin ƙasa. Ni na saya miki, ni zan karɓe abina."

"Au, kyauta ma ƙwacewa ake yi yanzu? A bankin naku aka koya miki?"

"Don ki daina tsayuwa a rana kina jiran bas na saya miki, ba don ki riƙa bin Baba a ƙarƙashin ƙasa kamar 'yar sandan ciki ba!"

Na ajiye kwanon. Baba? Tun da na tare a wannan lungu na bayan kasuwar furanni ta Bangkok, abin da kowa ya sani shi ne mijin Pa Lamduan ya mutu da daɗewa. Ni da kaina na taɓa yi mata jaje, ta kuma amsa har da sunkuyar da kai.

"Ya sa mayafin zuhudu, Mae," in ji Tukta. "Ba naki ba ne, ba nawa ba ne, na haikali ne. Duk ranar da wani ya ɗauke ki a waya kina tsaye a kan ɗan zuhudu, wa zai ƙara sayen furenki ya kai gaban Buddha?"

"Na taɓa shi ne?"

"Tukuna dai!"

"Abu ɗaya nake jira, kin kuma san shi."

"Farantin? Haba Mae, shekara ashirin fa! Ba zai kawo ba."

Na ji an bugo ƙofa, na ji takalman Tukta suna ƙwas-ƙwas har bakin lungu. Can sai aka ƙwanƙwasa bangon, daidai saitin kunnena.

"Fon! Taliyar ta huce ko? Tunda kin ji, gobe ki shirya da wuri. Ai wajen tashar Si Lom kike aiki. Za ki riƙe min jaka."

Pa Lamduan 'yar ƙaramar mace ce, ta haura sittin, baki gare ta kamar reza. Kullum tana kan 'yar kujera a bakin lungu, da akwatin ƙanƙara cike da yasmin da doguwar allura, tana tsira fure a zare. Babban yatsanta ya yi kanta har ba ya jin tsinin allurar. Direbobin tasi suna saya su rataya a madubi, mata masu zuwa haikali suna saya su kai sadaka, kuma kowa yakan tafi da guzurin baƙar magana kyauta. Lokacin da ake haƙa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Sanam Chai, ita ce ta fi kowa tsinuwa. "Ni ba ɓera ba ce," in ji ta, "ba mai saka ni a rami da raina." Aka buɗe tasha, Bangkok kaf ta zo ɗaukar hoto, ita tana nan tana jiran bas ɗinta. Sai bara Tukta ta saya mata katin tsofaffi, ta ja ta da ƙyar ta shigar da ita. A wannan shiga ta farko ta ga mijin nata.

Da safe na same ta ta yi wanka, ta shafa hoda, ta sa wata riga mai ruwan hoda da ban taɓa gani a jikinta ba. Ta miƙo min jakar leda mai ɗan nauyi, an ɗaure bakinta. A ƙofar tasha mai gadi ya haska tocila a kan jakar ba tare da ya duba ba, Pa ta ce masa, "Sannu da ƙoƙari, ɗana, yau ma ka ceci ƙasa." Muka hau matakala mai tafiya da kanta, ta fara nutsewa da mu.

A nan ta ba ni labarin, ba ta ko dube ni ba. Thawin sunansa. Mai tura amalanken furanni ne a kasuwa. Ba faɗa suka yi ba, ba wata mace ba ce, ba giya ba ce. Wata safiya ya fita sauke wardi daga mota, bai dawo ba. Bayan mako guda ƙanwarsa ta bugo waya daga Suphan Buri, ta ce ya aske kai ya shiga zuhudu.

"Kin san farantin," in ji ta. "Fure, kyandir, turaren tsinke. Namiji in zai sa mayafi sai ya bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa ya nemi gafara. Ya kai wa uwarsa. Ya kai wa maigidansa na kasuwa. Har wani ƙato da suka taɓa dambe a kan amalanke ya kai wa. Ni da nake tsira wa mutane furen farantin, ni ce bai zo wurina ba."

"Ba ki bi shi ba, Pa?"

"In ce masa me? Maƙwabta fa barka suka riƙa zuwa yi min. Wai na samu lada. Da karuwa ce ta ɗauke shi, da na tsaya a tsakiyar kasuwa na zage shi tas, mata su taya ni. Amma wa zai taya ki zagin mayafi? Na yi ta murmushi har kumatuna suka yi tsami. Sai na kwashe kayana na dawo lungun nan, na kashe shi da baki. Gwauruwar mamaci ko banza ana tausaya mata."

Muka sauka matakala ta biyu. Kullum ina bin hanyar nan, amma ranar sai na ji sanyin ya fi na kullum shiga ƙashi. Can sama akwai zafi da hayaƙin babura da ƙaurin tafarnuwa a mai. Nan ƙasa babu warin komai. Jajayen ginshiƙai, rufi mai adon zinariya kamar zauren fada, daɓe yana sheƙi, haske ko'ina ba inuwa. Mutane sun jeru bisa kiban da aka zana a ƙasa, a gaban bangon gilashin da ya tsare ramin, kowa fuskarsa a cikin waya. Pa ba ta tsaya a layin farko ba. Ta wuce ƙofa bayan ƙofa kamar mai neman gidan da ta sani, ta tsaya a wata can wajen ƙarshe.

"Daga tashar Itsaraphap yake hawa," in ji ta. "Duk Alhamis yake zuwa asibiti. Yanzu haka yana ƙarƙashin kogi. Ki duba fa, kogi guda a bisa kansa, da jiragen ruwa da kifaye, shi kuwa ko a jikinsa. Haka yake tun asali."

Gilashin ya fara rawa, wata 'yar iska ta kutso ta tsaga, fitila ta bayyana a cikin duhu. Ƙofofi biyu suka buɗe a tare, ta bango da ta jirgi.

Yana nan a kujerar bakin ƙofa, wadda aka ware wa 'yan zuhudu, mai allon gilashi a gefe. Tsoho ne dogo, ya rame har wuyansa ya zama kamar igiya, kai da gira a aske, mayafi ruwan goro ya koɗe. Taragon ya cika maƙil, amma a gabansa akwai fili kamar an zana da alli. Mata sun matse juna, sun janye jakunkuna da gefen siket, kada ko zare ya shafe shi. Ni ma ban san lokacin da na karkace kafaɗa ba. Tun muna yara jikinmu ya haddace wannan: mace ba ta taɓa ɗan zuhudu.

Pa ta kama sandar ƙarfe ta tsakiya, ta juya masa baya. Na yi mamaki, sai da jirgin ya shiga rami tagar ta yi baƙi ƙirin na gane. A cikin gilashin take kallonsa. Fuskokinmu duka suna can suna shawagi a kan duhu kamar na mutanen da suka nutse, fitilun bangon rami suna wucewa ta cikin goshinsu.

"Ya san kina nan?" na raɗa mata.

"Dubi babban yatsan ƙafarsa."

Na duba. Idanunsa a ƙasa, hannayensa a cinya, fuskarsa kamar ta gunki. Amma babban yatsan ƙafarsa na dama yana ta noƙewa yana miƙewa a cikin silifa.

"Haka yake yi in yana ƙarya," in ji ta. "Ko kuɗin cefane ya ɓoye, yatsan ne yake tona shi. Yanzu yana yi wa jirgin nan ƙaryar bai san ni ba."

Muka wuce Sam Yot, muka wuce Wat Mangkon da jajayen bangayenta. Muryar macen nan ta lasifika tana faɗin sunan kowace tasha da laushi, tana gargaɗi a kula da ratar da ke tsakanin jirgi da daɓe. Ba mai magana. A kwana ƙafafun jirgin sukan yi wani kuka siriri, mutane su karkata gaba ɗaya su dawo gaba ɗaya, ba wanda ya ɗaga kai. Ni kuwa ina ta juya abin a raina. Me matar nan take so? So ne ya rage mata, ko so take ta ga yadda ciwo yake cinye shi mako bayan mako? Na dubi fuskarta a gilashi. Ba fuskar mai kewa ba ce. Irin fuskar da take yi ce in tana saita allura a tsakiyar ƙwayar yasmin.

A Sam Yan ɗalibai suka zube waje, wasu suka shigo. Cikin wannan turereniya Pa ta saki sanda, ta matsa har bakin filin nan da ba mace a ciki. Ta goge tafukanta a riga.

Kafin Si Lom tsohon ya yunƙura. Gwiwoyinsa ba sa ba shi haɗin kai, shi ya sa yake tashi tun jirgi bai tsaya ba. Ya miƙe, ya saki ƙarfen don ya gyara mayafin a kafaɗa, daidai lokacin jirgin ya fara cin birki. Na ga idanunsa sun juye sun yi fari. Ya tafi luu, kamar gora.

Matan da ke kusa suka watse. Wata ɗaliba ta yi ƙara, ta mayar da hannayenta baya kamar wuta ce ke faɗowa. Wani mutum mai farar riga da jakar ofis ya miƙa hannu zai tare shi, kuma da ya tare shi, don ya fi kowa kusa. Da idona na ga gwiwar hannun Pa Lamduan ta shige haƙarƙarinsa. Mutumin ya yi baya. Ta buɗe hannu biyu ta rungume ɗan zuhudun a ƙirji, nauyinsa ya kai su ƙasa tare, ta zauna daɓas, askakken kansa a kan rigarta mai ruwan hoda.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Jirgin da ma ba mai magana, amma wannan shirun daban ne, har ƙarar na'urar sanyi sai da ta fito fili. Sai wayoyi suka fara ɗagowa.

"Ke! Ke baiwar nan!" wata tsohuwa ta daka tsawa daga kujera. "Sake shi! Ba ki ga mayafi ba ne?"

"Pa, kawo shi nan, ni zan riƙe," in ji mai farar riga, yana dafe da haƙarƙari.

Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta zaro ɗan bututun maganin shaƙa daga aljihu, ta kai masa hanci. Ya buɗe ido. Ya ga inda kansa yake.

"Duan," in ji shi, da wata murya ƙanƙanuwa. "Mutane na kallo."

"Su kalla. Ni shekara ashirin suna kallona."

Ƙofofi suka buɗe. Wani ya danna ƙararrawa, ma'aikata biyu maza suka sheƙo da keken marasa lafiya, suka ɗauke shi daga jikinta da sauri kamar masu janye yaro daga bakin murhu. Muka fito kan daɓen tasha. Jirgin ya tafi, amma rabin taragon bai bi shi ba. Mutanen da a kullum suke gudu su riga juna hawa matakala sun tsaya cirko-cirko.

"Luang Ta, za mu kai ka sama, akwai mota," in ji ɗaya ma'aikacin, da sunan girmamawa da muke kiran tsohon ɗan zuhudu.

"Dakata," in ji Pa. "Fon, jakar."

Ta kwance bakin ledar. Ƙaramin faranti ne a ciki, da kyandir, da turaren tsinke, da sarƙar yasmin sabuwa fil, irin mai wahalar tsirawa wadda ba ta yi wa direbobin tasi. Ta jera su tsaf. Sai ta miƙa wa ma'aikacin.

"Ungo, ɗana, kai namiji ne. Miƙa masa. Mace ba ta ba ɗan zuhudu abu hannu da hannu."

Matar da yanzun nan ta rungume shi a gaban Bangkok. Wani saurayi ya fashe da dariya, ya yi maza ya toshe baki. Ma'aikacin ya rasa yadda zai yi, ya karɓa, ya ɗora a cinyar tsohon.

Luang Ta ya daɗe yana kallon farantin. Sai ya yi abin da ya sa tsohuwar nan mai tsawa, wadda ta biyo mu waje, ta dafe ƙirji ta ce wayyo. Ya haɗa tafukansa biyu, ya ɗaga su har goshi, ya sunkuyar da kai ga Pa Lamduan. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin mai mayafi ya ɗaga wa wanda ba mai mayafi ba hannu, ko wane ne shi. Mu muke yi musu, su ko amsawa ba sa yi. Ɗaya ma'aikacin ya kawar da kai kamar ya ga tsiraici.

"Abin da na yi miki da jiki, da baki, da zuciya," in ji shi, "ki yafe min."

"Har ƙaton nan ka kai wa," in ji ta. "Me ya hana ka zuwa wurina?"

"Da na zo gabanki, da ban iya tafiya ba."

Ta sunkuyar da kai, na ɗauka kuka za ta yi. Ya shimfiɗa gefen ƙyallensa a hannun keken, ya ɗora farantin a kai, ta ɗauka. Ta shinshina furen kamar mai duba ko na jiya ne.

"Na ji," in ji ta. Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta juya ta hau matakala, tana riƙe da farantin a gabanta, mutane suna buɗa mata hanya irin buɗawar da suke yi wa mayafi. Ni na tsaya da ledar wofi a hannu, har na makara wurin aiki.

Kafin rana ta faɗi bidiyon ya zagaye gari. A shagon tabarau inda nake aiki, abokiyar aikina ta nuna min shi ba ta san ina ciki ba, ga gefen kafaɗata nan a kusurwa. An yanke wurin farantin, an bar rungumar. Masu sharhi suka rabu. Wasu sun ce ceton rai ne, ba laifi. Wasu sun ce tsohuwar banza ce mai neman suna. Wani ya rage saurin hoton, ya zagaye gwiwar hannunta da jan layi.

Washegari matan haikali suka riƙa wuce bakin lungu, suna tsallaka titi su saya a wurin wata. Direbobi ƙalilan suka tsaya, su ma don su ƙare mata kallo ne. Yasmin ya yi ja a cikin akwati. Tukta ta zo da yamma, na jira faɗa ta bango, amma ban ji komai ba sai kukanta, da muryar uwar tana cewa, "To ya isa, za ki jiƙa min tabarma."

Na kwana biyu ina jujjuya abin. Jakar da ta ba ni don hannayenta su zama a sake. Tafukan da ta goge. Watannin da ta yi tana kallon yadda yake tashi kafin Si Lom, tana lura da yadda ƙarfinsa ke raguwa, tana jira. Wace irin mace ce take jiran mijinta ya faɗi? Wace irin mace ce kuma take tsira sabuwar sarƙar fure duk daren Laraba, ta dawo da ita gida ranar Alhamis ta zubar?

Ranar Lahadi na kasa haƙuri, na ƙwanƙwasa mata ƙofa, ba bango ba. Ta buɗe kaɗan. Ta faɗa, idanunta sun zurma. A bayanta na hango farantin a kan talabijin, furen ya bushe.

"Pa, na ga abin da kika yi wa mai farar rigar nan."

"Duniya ma ta gani. Shi ya je ya tari nasa. Wannan faɗuwar tawa ce."

"Kin yi asarar masu saye."

"Za su dawo. Waccan ta tsallaken titi da roba take cika tsakiyar furenta."

"To ai kin samu abin da kike so. Me ya sa ba kya barci? Ina jin juyinki."

Ta dube ni har na ji kunya. Ta zaro katin jirgin daga aljihu, ta cusa min a hannu, ta ce in ba Tukta. Ta fara tura ƙofar, sai ta tsaya.

"Lokacin da ya ce da ya zo gabana da bai iya tafiya ba, kin ga na sunkuya? Ƙafarsa nake dubawa. Yatsan bai motsa ba, Fon. Ko kaɗan. Da ƙarya ya yi min, da na san inda zan ajiye shi."